Zazzaɓin allurar penta da tarin shiƙa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. An yi wa ɗana allurar penta ta farko, wato rigakafin tarin shiƙa da wasu cututtuka huɗu, ya kwana yana kuka, jiki zafi rau, cinya ta kumbura. Surukata ta ce kada a sake kai shi, wai tarin shiƙa ya zama tarihi, ko ya zo ma zuma ta isa. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya raya mana shi. Ki mayar da shi. Zafin jiki da kumburin nan an san da su, kwana ɗaya ko biyu suke yi su wuce. Ki yawaita ba shi nono. Idan ya suma, ko ya yi ta tsala kuka har awa uku, wannan na asibiti ne nan take.

Ban ga laifin Hajiya ba, abin da ido ya gani take faɗa. Sai dai rigakafin ne ya sa ciwon ya yi ƙaranci. A Japan, a 1974, mutum 393 ne suka kamu, babu wanda ya rasu. Da tsoron allurar ya shiga, iyaye suka janye, a 1979 sai ga kusan mutum 13,000 sun kamu, 41 suka rasu. Mu ma mun ga mashaƙo a Kano a 2023, kuma penta ɗin nan ita ce rigakafinsa.

Na riƙe jariri mai tarin shiƙa a hannuna. Tari yake jerawa babu numfashi a tsakani, ido ya yi ja, leɓe ya yi baƙi, ya amayar da nonon da ya sha. Wani jaririn ko tarin ba ya yi, numfashin ne kawai ke ɗaukewa. Shi ya sa ake farawa da wuri: sati 6, sati 10, sati 14. Allura ɗaya ba ta wadatar ba, sai an cika ukun. Ko kin makara, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Zuma kuwa, don Allah kada a ba yaron da bai shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Kada ki yi musu da Hajiya. Ki sa maigida ya yi mata magana cikin ladabi, ranar allura ku tafi tare da katin yaron, ta yi wa ma'aikaciyar tambayoyinta da bakinta.