Tambaya kan kamun kifi da fatsa a kan duwatsun bakin teku lokacin hutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Na samu hutu a wajen aiki zamu tafi bakin teku ni da iyali na kwana shida, kuma inda zamu sauka gaɓar duk duwatsu ce, mutane suna hawa kai suna jefa fatsa. Ni dai don nishaɗi zan yi, ba sana'ata bace kuma ba yunwa ce ta kai ni ba. Wani abokina yace farauta don wasa haramun ce, shi ne hankalina bai kwanta ba. Kuma idan na kama nayi hoto na mayar dashi ruwa fa? Sannan duk abin da ya fito daga tekun ana ci ne, kuma sai an yanka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kai ku lafiya ya dawo daku lafiya ɗan'uwa.

Asalin su, wato kamun kifi, a teku halal ne babu saɓani. Allah yana cewa a suratul Ma'ida aya ta 96 an halatta muku farautar teku da abincinsa, jin daɗi ne gare ku da matafiya. Ka lura ayar tana cikin maganar mai harama ne, wanda aka hana shi farautar tudu, amma ta ruwa aka bar masa ita, to ina ga kai da kake hutu. A suratun Nahli aya ta 14 kuma yace shi ne ya hore teku domin ku ci ɗanyen nama daga cikinsa.

Yanka kuwa babu shi a kifi. Wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) yace muna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in muka yi alwala dashi ƙishirwa zata kama mu, ko muyi da ruwan teku? Sai yace ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Imam Malik ya kawo shi daga Abu Huraira. Kuma ga labarin Jabir, lokacin da suka fita su 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, guzuri ya ƙare har suka koma cin ganye, sai teku ya jefo musu wata ƙatuwar dabba matacciya ana ce mata anbar, suka yi kwanaki suna ci, da suka dawo Madina Annabi (SAW) ya ce arziki ne Allah ya fitar muku, har ya tambaya ko da saura a tare da su, aka bashi ya ci. Saboda haka a wajen malikiyya da mafi yawan malamai kifi da ƙaguwa da jatan lande da sauransu duk ana ci. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai. Abin da zan cire maka shi ne mai guba, irin talibambam ɗin nan da yake kumbura kamar ƙwallo in an taɓa shi, dafinsa yana kisa kuma dahuwa bata kashe dafin. In ka kamo abin da baka gane ba kar ka kai shi tukunya sai ka nuna wa masuntan wajen.

Maganar abokinka tana da tushe, sai dai ya tsananta. Ibn Abi Zaid a Risala cewa yayi farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal ce. Makaruhi yace, bai ce haram ba. Kuma wasan da ake nufi shi ne mutum bashi da wata buƙata ga abin da ya kama, bin dabbar kawai yake. Amma wanda ya jefa fatsa yana jin daɗin zaman, yana hutar da ƙwaƙwalwa, kuma niyyarsa in ya samu ya kai wa iyali a ci ko ya ba wani, wannan nishaɗin bai ɓata masa komai ba, domin ba a sharɗanta sai kana jin yunwa ko kana cikin talauci kafin kifi ya halatta gare ka ba. Inda abin yake zama haram shi ne ka kama ka yar a kan dutse rana ta busar dashi, ko ku tara fiye da abin da zaku iya ci ya ruɓe. An ruwaito cewa wanda ya kashe ko ɗan tsuntsu ne ba da haƙƙinsa ba Allah zai tambaye shi, kuma aka fassara haƙƙin da cewa ya yanka ya ci, kar ya cire kai ya jefar.

Kamawa a mayar kuwa kashi biyu ne a ganina. In ka fita da niyyar ci sai ƙaramin kifi ya faɗa, ko irin wanda hukumar wajen ta hana ɗauka, ka cire ƙugiyar a hankali da jiƙaƙƙen hannu ka sake shi nan take, wannan kyautatawa ce. Amma ka fita tun daga masauki baka da niyyar cin ko ɗaya, ka huda bakin halitta mai rai, ka ɗaga shi sama yana haki yana bugun jela har a gama gyara kyamara, sannan ka jefa shi ka sake neman wani, gaskiya wannan raina bai natsu dashi ba, mafi ƙarancinsa karhanci, kuma wasu malaman sun hana shi kai tsaye saboda azabtarwa ce babu amfani. Annabi (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada harbi, kuma yace Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai har a wajen kisa. Wanda zaka ci ma kar ka barshi yana shure-shure a bokiti, ka buge kansa ya huta. Hoton da kifin da za a ci babu laifi.

Akwai abin da baka tambaya ba kuma wallahi shi yafi damuna, wato dutsen da zaka tsaya a kai. Teku ba kamar kogi ko dam bane. Yana cika yana janyewa, a mafi yawan gaɓoɓi sau biyu a yini da dare, tsakanin janyewa da cika wajen awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, sannan cikar tafi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Mutum zai taka busasshiyar hanya ya hau dutse da hantsi, hankalinsa na kan zaren, kafin azahar ya waiwaya ya ga hanyar da ya biyo ta zama ruwa. Ga gansakuka mai santsi kamar an shafa sabulu, ga igiyar ruwa da bata zuwa daidai da juna, goma zasu zo ƙanana ta sha ɗaya ta haye dutsen gaba ɗaya, kuma wanda ta ja ko ya iya iyo dutsen take maka shi dashi. Allah yace kada ku jefa kanku zuwa halaka, Baƙara aya ta 195. Hukuncin yana bin abin da yafi rinjaye a zato, in kuɓuta ce tafi rinjaye ya halatta, in kuwa an yi gargaɗin iska ko an kafa allo an ce kar a hau, ko masuntan wajen da kansu sun ƙi fita ranar, to hawa haramun ne ko da baka faɗa ba, kuma in ka ja yaro ka kai shi alhakinsa na wuyanka. Riƙon sababi wajibi ne a nan. Ka tambayi lokacin cikar ruwa, ka zauna nesa ka kalli igiyar na ɗan lokaci kafin ka sauka, dutsen da ka gani a jiƙe ka sani ruwa na kaiwa can, ka sa takalmi mai kama ƙasa da rigar da take hana nitsewa, kar ka juya wa teku baya, kar ka je kai kaɗai, kuma in ƙugiya ta maƙale a ƙasa ka tsinke zaren ka barta.

In ƙasar tana neman lasisi ko ta ƙayyade girman kifin da ake ɗauka ko lokacin da ba a su, ka bi, doka ce ta maslaha don kar a ƙarar da iri, kuma in wata ƙasa ce ka shiga da biza to ka shiga ne da alkawari. Guntun zare da tsohuwar ƙugiya ka kwashe abinka, suna naɗe tsuntsaye suna huda ƙafar mutane.

Sallah kuma ka kula, su yana cinye lokaci ba a sani ba, shi yasa ya zo a hadisi wanda ya bi farauta ya gafala. Tunda kun yi niyyar kwana shida, a mazhabar Malik da kun isa zaku cika sallah domin niyyar zaman kwana huɗu tana yanke ƙasaru, a hanya ne kawai zaku yi. Alwala da ruwan tekun ta yi. Jinin da ya kwarara daga kifi malikiyya suna ganinsa najasa, ana yafe ɗan kaɗan, wasu mazhabobin suna ganinsa mai tsarki, to mafi sauƙi ka ɗauraye rigar tunda ga ruwa a gabanka. Wandonka ya rufe cibiya zuwa gwiwa, kuma ka zaɓi gefen da ba a cika tsiraici ba, galibi wajen duwatsu dama masu wanka basa zuwa. In lokaci yayi ka naɗe fatsar ka hau sama inda igiya bata kaiwa sannan ka tayar da kabbara.

Wallahu a'alam.