Na sauke motata, tayoyi na cinyewa ta ciki: laifin taya ne ko na aikin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Honda Accord 2005, wadda ake ce wa EOD. Wata huɗu da suka wuce na sa aka sauke min ita, bakanike ya yanke zagaye biyu daga kowane sifirin, na kuma saka sababbin tayoyi huɗu. Shekaranjiya na tsaya faci, da aka kwance ƙafar gaba ta dama sai na ga gefen ciki ya suɗe har waya ta fara leƙowa, alhali daga waje zanen kamar jiya aka sayo. Motar ba ta ja gefe, sitiyari a miƙe yake, ko na sake shi ɗoɗar take tafiya. Bakanikena ya ce alaimen ɗina lafiya lau, jabun taya aka haɗa ni da shi. Duk mako ina bin hanyar Kaduna zuwa Kano, wani lokaci da iyali. Wallahi hankalina ya tashi. In sayi wasu tayoyin ne kawai, ko akwai wani abu?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin komai, wannan tayar da waya ta leƙo ta gama aiki. Kada ka hau hanyar Kano da ita, kada ka mayar da ita baya, kada kuma ka bari mai faci ya juya maka ita a kan wili don suɗaɗɗen gefen ya koma waje. Ka sa a kwance sauran ukun ma a duba su ta ciki, don ina kyautata zaton na baya sun fara bin sahu.

Sai batun jabun taya. Jabu akwai shi a kasuwa, babu mai musu. Amma jabun taya yakan yi ƙulu, ko ya tsattsage, ko ya cinye gaba ɗaya da wuri. Bai san ciki da waje ba balle ya zaɓi gefe guda ya cinye ya bar ɗayan. Abin da ya ci tayarka yana jikin motar, kuma in ka sayi wasu huɗun yau ba ka taɓa komai ba, nan da wata huɗu za ka sake rubuto min wannan wasiƙar.

Abu biyu ne suka canza ranar da aka sauke motar. Na farko kamba: saman taya ya jingina ciki, ƙasa ya baje waje, motar ta zama kamar mai gwame. EOD ta fito daga kamfani da kamba kusan sifili a gaba, kusan digiri ɗaya a baya, kuma irin ginin ƙafarta da gangan aka yi shi don ta ƙara gwame duk lokacin da sifirin ya danne, saboda riƙe titi a kwana. Kai kuwa ka danne shi dindindin. Na biyu shi ne abin da muke kira to-in da to-awut, wato ko kawunan tayoyin biyu sun tsuke suna kallon juna, ko sun buɗe kowa na kallon gefensa. Tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, yana da kusurwar da aka ƙera shi ya zauna a kai. Da jikin mota ya sauka, kusurwar ta canza, sai ya ja kan tayar ko ya tura shi. Kamba tana tara nauyi ne a gefen ciki, amma ita kaɗai a hankali take ci. Wanda ke kankare roba kamar magagari shi ne buɗewar kan taya. In suka haɗu kuwa, wata huɗu ma ka yi sa'a.

Yanzu mu zo kan maganar bakanikenka, don a nan gizo ke saƙa. Babu ranar Allah da ba na jin ta a gareji: "Oga, mota ba ta ja, sitiyari a miƙe, ai alaimen lafiya." Wannan magana ta ci tayoyin mutane fiye da ramukan titi, kuma abin takaici, masu faɗinta da gaske sun yarda da ita.

Ka ɗauka ta hagu ta buɗe waje da milimita biyu, ta dama ma ta buɗe da milimita biyu. Wannan na jan mota hagu, wannan na jan ta dama da ƙarfi iri ɗaya. Wa zai rinjayi wani? Babu. Motar za ta tafi ɗoɗar, sitiyari ya tsaya cak a tsakiya, ka sake hannu kana murmushi, a ƙasa kuwa tayoyin na ja-in-ja da juna, kowace tana darzar kwalta. Ko da ɗaya ce kaɗai ta buɗe, motar ba za ta ja ba, sitiyarin ne kawai zai ɗan karkace, su raba kuskuren a tsakaninsu. Jan gefe yawanci daga bambancin kamba ko kasta (jinginar ƙafar gaba ta wajen gaba ko baya) tsakanin hagu da dama yake zuwa, ko iskar taya ɗaya ta ragu, ko birki na riƙewa. Ke nan gwajin sakin sitiyari wata cutar yake nunawa daban, wadda ke cin tayarka kuwa ko kallonta ba ya yi.

Mu yi lissafi. Tayar irin motarka tsayinta ya kai santimita 65. In ka auna tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba ta gabansu, ka auna ta bayansu, ka samu bambancin milimita 3 kacal, to kowace taya tana neman kauce wa hanyar motar da sama da mita biyu a duk kilomita ɗaya. Kaduna zuwa Kano kilomita 230 ne ko kusa. A zuwa kaɗai an ja tayarka a kaikaice wajen rabin kilomita, a kan kwalta mai zafi. Ka dawo, an ƙara wani rabin. Milimita 3 kuwa ko kaurin kwabo biyu bai kai ba in ka ɗora su. Wane ido ne zai ga wannan a tsugune daga bakin bamba?

Amma haka ake yi. Mutum ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya ce wa yaronsa "murɗa kaɗan". Mai ɗan ƙoƙari ya ɗaure zare daga tayar baya zuwa ta gaba, a ƙasa mai gangare, ba tare da ya tambayi kansa ko ita ta bayan a daidai take ba. Zare ba laifi ba ne, masu tseren mota suna amfani da shi har gobe, amma a daɓe mai daidaito, da ma'auni, da alƙalami. Namu kuwa tayarod ɗaya ake murɗawa har sai mai mota ya ce ya ji daidai. In sitiyari ya karkace, sai a kwance notinsa a zare shi a mayar a tsakiya. Wannan shi ya fi ba ni haushi. A bayan sitiyarin akwai naɗaɗɗiyar waya da ke kai wuta ga ham da jakar iska ta kariya, zagayenta a ƙirge yake. Ana wasa da ita take tsinkewa, fitilar SRS mai gargaɗin jakar iska ta kama, sai kuma wani gwanin ya zo ya cire ƙwan fitilar don kada ta dami oga.

A bazarar bara an jawo mana wata mota da tayar gaba ta fashe mata a guje. Allah Ya kiyaye, rayuka sun tsira. Mai motar na ta rantsuwa tayar ba ta yi wata shida ba, kuma gaskiya ya faɗa: da na ɗaga ɓallen da ya rage, zanen waje zai haɗiye kan ashana, gefen ciki kuwa wayoyi ne tsirara, har sun yi sheƙi don gugar titi. Kullum da safe yana zagaya motar yana shurin tayoyi da ƙafa. Gefen da zai kashe shi yana can ciki inda ba ya gani, motar da aka sauke kuwa ta fi kowace ɓoye shi, tun da fenda ta rufe rabin tayar. Shi ma an ce masa mota ba ta ja. Bakanike mai faɗin haka ya sani amana ce a wuyansa. Wanda ya kawo maka mota bai san komai ba sai abin da ka gaya masa, da maganarka zai ɗebi matarsa da 'ya'yansa ya hau babbar hanya. "Ban sani ba, je wurin masu na'ura" ba ta taɓa rage wa kowa daraja ba.

Kai ma kana iya gwadawa yau. Murɗe sitiyari har ƙarshe, ka shafa tafin hannu a kan zanen daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. In ta wani ɓangaren sumul, ta ɗayan yana kartar hannu kamar haƙoran zarto, to-awut ko to-in ne. In sumul ne ta ko'ina amma gefen ciki ya fi zaizayewa, kamba ce ta fi yawa. Ka kula da wayar kada ta yanke ka.

Sifirin da aka yanke ba na gyara alaimen a kansa. Da wuya a yanke huɗu daidai, don haka kowace kusurwa da tsayinta, kuma gajeren sifirin yana iya barin mazauninsa in ƙafa ta saki a rami. In da wutar walda aka yanke, ƙarfen ya riga ya mutu. Shokazobarka ma yanzu a danne take aiki, ba za ta daɗe ba. Shawarata ka nemo sifirin na asali ka mayar. A titunanmu masu tudun rage gudu a kowace unguwa, kaskon man injin ma zai gode maka.

In kuwa ranka na kan saukakkiyar mota, sai ka biya kuɗinta. Ka sayi sifirin da aka ƙera don haka, wanda ba zai sauke motar fiye da santimita 3 zuwa 4 ba, da shokazoba mai dacewa da shi. Ka sani EOD ba ta da wurin saita kamba daga kamfani, gaba da baya. Sai an saka hannun sama mai murɗawa a baya, da boljoyin mai saitawa a gaba. Duk wanda ya ce zai gyara maka kamba da guduma ko da wuta, ka karɓi makullinka.

Ko wanne ka zaɓa, kafin a hau na'urar alaimen a girgiza ƙafafun a duba boljoyin, tayarod da bushin. EOD ta yi suna wajen lalacewar boljoyin na ƙasa, kuma saiti a kan ƙafa mai lilo asarar kuɗi ne. A sassauta notocin bushin, a sauke motar a kan tayoyinta, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna har ta yage. Sai alaimen na ƙafa huɗu, don bayan wannan motar ma ana saita to-in ɗinsa. Ka tsaya ka ga sun zaɓi Accord ta shekararka a kwamfutar, ka nemi takardar awo ta kafin aiki da ta bayan aiki. Sabon sifirin yakan ɗan zauna, saboda haka ka koma bayan mako biyu a sake aunawa.

Sai bayan nan za ka saka sababbin tayoyi. Iskarsu ka bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. In ka samu takardar awon, turo min hotonta in duba lambobin baya.