Me ya sa ake musu kan ƙarshen Watchmen?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya raba kan masu karatu game da yadda Watchmen ya ƙare. Labarin zane ne mai fitowa 12, Alan Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, kamfanin DC ya buga daga 1986 zuwa 1987.

A ƙarshen labarin, Ozymandias, ɗaya daga cikin jaruman, ya jefa wani dodon da ya sa aka ƙera cikin birnin New York, miliyoyin mutane suka halaka, don Amurka da Tarayyar Sobiyet su ɗauka hari ne daga wata duniya, su fasa yaƙin nukiliya. Dabarar kuwa ta ci. Sauran jaruman suka yarda su ja bakinsu, Rorschach kaɗai ya ƙi, sai Dakta Manhattan, ɗaya daga cikinsu, ya kashe shi.

Wasu na ganin dodon ya faɗo ne babu shiri, fim ɗin Watchmen na 2009 ma cire shi ya yi. Ni ban yarda da su ba. Tun a fitowar baya an nuna masu zane da marubuta suna ɓacewa, ana tara su a wani tsibiri suna aikin ƙera dodon. Muhawarar da ta fi zafi ita ce ko zaman lafiyar da aka gina kan ƙarya da jini ya halatta, kuma a nan ina bayan Rorschach, duk da munin halinsa.