Amsa ga Hajiyar da mai gyaran kicin ya riƙe wa kuɗi a Ingila

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Kin ce kin ba mai gyara fam 1,800 ya fasa miki tayel ɗin kicin ya tafi, yau wata uku baya ɗaga waya, wai ko sai kin ɗau lauya. Ba sai kin ɗauka ba wallahi, nima na sha irinta da wani da ya karɓi kuɗina zai tura min kaya gida ta jirgin ruwa, kayan suka kwana suka wuni a sito.

Duk abin da bai haura fam 10,000 ba ɓangaren ƙananan ƙararraki na County Court, wato kotun da ke jin shari'ar kuɗi da bashi, ne ke ji, kuma ko kin ɗau lauya kin yi nasara ba a cika sa wancan ya biya miki kuɗin lauyan ba, to me za ki yi da shi. Fara rubuta masa takarda, nawa kike bi, na mene ne, ki ba shi kwana 14, ki ajiye kwafi. In ya yi kunnen ƙashi ki shiga Money Claim Online, shafin gwamnati na shigar da ƙarar kuɗi ta intanet, ki shigar, kuɗin shigarwa na adadinki fam 115 ne, in kin ci a kansa zai hau. Akwai wurin neman ruwa kashi 8 a shekara, ni dai tsallake shi na yi saboda riba, uwar kuɗina kawai na nema.

Amma Hajiya don Allah ki kula da suna da adireshi, nan na kusa yin asara. Sunan da ke jikin motar wanda ya riƙe min kuɗi na so rubutawa ashe kamfanin da wani suna daban aka yi rajista, sai da na duba Companies House, rajistar kamfanoni ta gwamnati, kyauta ne. Ki tattara hirarku ta WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki da hoton kicin ɗin yadda ya bar shi, ki jera su bisa kwanan wata.

In bai amsa ƙarar ba cikin wa'adin da kotu ta ba shi sai ki nemi a yanke hukunci a bayansa. In ya musa za a haɗa ku sulhu ta waya kamar awa ɗaya, kyauta. Namu sulhun bai yiwu ba sai da muka je gaban alƙali, na kwana gabana na faɗuwa, ashe ɗan ɗaki ne da tebur, alƙalin ma takarduna ya fi kallo fiye da bakina.

Sai dai cin shari'a daban kuɗi a hannu daban. Nawa bai biya ba sai da ya ji hukuncin zai iya zama a sunan kamfaninsa shekara 6 ya hana shi samun bashi in bai biya cikin wata ɗaya ba, ana saura kwana huɗu na ga alat. In naki ya ƙi sai kin ƙara wani kuɗin a tura masa ma'aikatan kotu masu kwasar kaya, shi ya sa tun kafin ki biya fam 115 ɗin ki bincika ko har yanzu yana aiki, yana da mota ko shago.