Amsa ga Kawu: yadda mawaƙan bishara masu murya huɗu ke aiki a kudancin Amurka

Kawu, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da dukan 'yan kwaya. Ka yi tambaya a kan mutanen nan da ka gani a bidiyo sanye da kwat iri ɗaya: me ya sa ake lissafa su huɗu alhali su biyar ne ko shida, wa ke biyansu har suke yawo gari-gari, kuma ta yaya suke fitar da faifai ba tare da taron ƙaddamarwa ba. Mu masu bi 'yan Arewa da ke Alabama ba mu kai yawan da za mu buɗe majami'ar Hausa ba, don haka da dama cikinmu a majami'un baƙaƙen fata na Baptis da Methodis muke sujada, kuma a can ne wannan waƙa da suke kira kwatet take da gindin zama.

Abin ya daɗe. A 1871 ɗaliban jami'ar Fisk da ke Nashbil suka fara yawon waƙa don tara wa makarantarsu kuɗi. Daga baya ma'aikatan ƙarfe da na haƙar kwal a Bamingam da Besema, nan jihar Alabama, suka mai da waƙar murya huɗu abin yinsu bayan an tashi daga aiki, har Birmingham Jubilee Singers suka shiga faifai a 1926. Fararen fata ma suna da tasu, wadda ta taso daga kasuwar littattafan waƙa: a 1910 James D. Vaughan na jihar Tenesi ya tura mawaƙa huɗu su riƙa zagaya majami'u suna tallata masa littattafai. Har yau layukan biyu ba su cika haɗuwa ba. Ni kan na baƙaƙen zan fi tsayawa, kuma kan waɗanda ba da waƙar suke ci ba: direbobi, kanikawa, ma'aikatan asibiti da 'yan fansho.

Muryoyi ake ƙirgawa, ba kawuna ba. A kwayarku sofrano ce ke ɗauke da waƙa a sama, sauran suna bi a ƙarƙashi. A nan waƙar a tsakiya take. Mai ja ne ke riƙe da ita, tena yana samansa da siririyar murya, bariton yana ƙasansa kaɗan, bes kuma can ƙasa. Idan mai ja yana kan do, tena ya ɗauki mi na sama, bariton ya kama so na ƙasa, bes ya zauna kan do na ƙasa. Idan ya hau mi, tena ya koma so, bariton ya zo do. Ka ga bariton ba shi da layi mai daɗin kansa, abin da saura suka bari shi yake tsinta, shi ya sa ya fi kowa wuyar samu, kuma a ganina shi ne ma'aunin rukuni. Mutum na biyar ya shigo ne don wata matsala: in mai ja ya saki layinsa ya shiga kirari da roƙo, sai muryoyin baya su koma uku, sautin ya rame. Soul Stirrers na Teksas, waɗanda shahararren mawaƙi Sam Cooke ya shiga a 1950, suna cikin waɗanda suka yaɗa dabarar masu ja biyu, ɗaya na gaba, huɗu na amshi cikakke, sannan su yi musaya a tsakiyar waƙa. Na shida da na bakwai yawanci mai jita ne da mai ganga. Jitar bes ma ta ture mawaƙin bes a rukunoni da yawa, abin da dattawa ke kukansa har gobe.

Koyon waƙa sau ɗaya ne a mako, awa biyu, a ɗakin majami'a ko falon wani. Ana buɗewa da addu'a, a yi maganar kuɗi da gayyata, sannan a shiga waƙa. Yawancinsu ba sa karanta solfa, da kunne ake koyarwa. Mai koyarwa zai ba bes layinsa tukuna, ya ɗora mai ja, su biyun su yi ta maimaitawa har su daidaita, kana a sa tena, bariton a ƙarshe. Akan tsaya kan sauti ɗaya a riƙe shi daƙiƙa goma ana sauraro. Mi ɗin nan in an rera shi daidai da na fiyano yakan yi ɗan kaifi, sai an sassauta shi ƙasa ƙiris sannan muryoyin su narke su zama ɗaya. Haka ta, wato ti da aka sauke rabin mataki, shi ke ba waƙarsu ɗanɗanon da ka ji, kuma mai riƙe da shi ba ya ɗaga murya. Bes da mai ja su ne masu ƙarfi, tena da bariton sai su rage. Rukunin da tenansa ke ihu, daga bakin ƙofa za ka gane.

Babbar cutar waƙa ba kiɗa ita ce zamewa ƙasa: a fara a ki ɗaya, wato tsayin sautin da aka ɗora waƙar a kai, a ƙare an sauka rabin mataki ko fiye, bes ya rasa wurin zama. Sanadinta uku ne galibi. Numfashi na ƙarewa a wutsiyar layi, ko ana faɗaɗa mataki in waƙa na gangarowa, musamman daga do zuwa ti, ko kuma kowa na buɗe baki yadda ya ga dama a kan wasali ɗaya. Maganin shi ne a busa ƙaramar sarewar ba da ki a farko, a sake busawa bayan kowane baiti, a gano inda aka fara zamewa, a sa alamar wurin shan numfashi. Mu da muka zo da harshen gida, na ukun ne ke kama mu, don wasulan Turancin kudu ja suke yi suna lanƙwasa, namu kuwa a miƙe suke.

Batun biya kuwa, babu albashi. Abin da ke riƙe da su shi ne bikin cika shekara. Kowane rukuni na da ranar Lahadinsa a shekara, yawanci da ƙarfe uku na yamma bayan an tashi sujada. Sai ya gayyaci rukunoni goma ko fiye, masu bikin su shigo a jere da sabon ɗinki suna waƙa, kowane baƙo a ba shi waƙa biyu, ya kuma ajiye gudummawa a ambulan. Kamar bikin da mata ke yi wa juna a gida ne: magatakarda na rubuta wanda ya zo da abin da ya kawo, ranar nasa a mayar masa. Rukunin da ya ci na mutane bai je nasu ba, baɗi zai yi biki da kujeru. Wanda aka ba waƙa biyu ya ja ta biyun minti ashirin, shi ma an shaida shi.

Wannan jan yana da tsari, ba hauka ba ne. A ƙarshen waƙa masu amshi kan tsaya kan 'yar gajeruwar magana suna nanatawa a sauti ɗaya, mai ja ya sauko cikin jama'a yana ba da shaida. Da hannu yake tuƙa su: ya juya yatsa a ci gaba, ya saukar da tafi a rage murya, ya dunƙule hannu a rufe. In mai ganga bai kalli hannun ba, rufewar sai ta watse.

In majami'a ce ta gayyace su ita kaɗai, baiko na musamman ake ɗauka a ba su. Daga ciki ake fara cire kuɗin mai, sauran ya shiga asusu don kwat da gyaran kaya. Suna da shugaba, manaja mai karɓar gayyata, magatakarda, ma'aji da mai addu'a, kuma tsofaffin rukunoni na da rubutacciyar doka da tarar makara. Rigimar da ta fi kashe rukuni ba ta murya ba ce, ta baiko ce da mutum ɗaya ya ƙirga shi kaɗai. Don haka mutum biyu ke ƙirgawa tun kafin a bar harabar majami'ar.

Yawon na ƙarshen mako ne, don Litinin kowa na bakin aikinsa. Daga Bamingam zuwa Atlanta kusan kilomita 235 ne, kwatankwacin Kano zuwa Kaduna. Nashbil kusan 300, Memfis kusan 385. Akwai tarko a hanyar Atlanta: agogon Jojiya ya riga na Alabama da awa ɗaya, wanda bai lissafa ba zai iso ya tarar an wuce sunansa. Motar da aka fi amfani da ita bas ce mai kujera 15, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta sha gargaɗi cewa tana saurin kifewa in an cika ta, musamman in nauyi ya taru a baya. Saboda haka lasifika gaban tayar baya ake ajiye su, ba a ɗora kaya a rufi, a kuma auna iskar taya kafin a tashi. Haɗarin ya fi yawa a dawowar daren Lahadi, bayan an ci soyayyar kaza an koshi. Direba biyu dole ne. Abincin ma sai bayan waƙa, don ana cewa maiƙo da shayi mai ƙanƙara kafin hawa dandali suna dakushe murya.

Kayan sauti ba su da yawa: makirfo ɗaya ga kowane mutum, Shure SM58 ne aka fi gani don yana jure faɗuwa, da mikisa mai layi takwas ko sha biyu, lasifika biyu na jama'a, ɗaya ko biyu a ƙasa suna fuskantar mawaƙa. Bes ya manna bakinsa da makirfo, don kusanci na ƙara wa murya kauri; tena ya ja baya kamar tafin hannu. Ƙarar nan mai huda kunne tana tasowa in bakin makirfo na fuskantar lasifika, ko wani ya rufe kan makirfo da hannu. Gurnanin da ba ya yankewa kuma, sau da yawa daga jona mikisa da lasifika a soket daban-daban ne. A haɗa su wuri ɗaya a gani. A iso awa ɗaya kafin lokaci, a gwada da waƙa mafi ƙarfi, ba mafi sanyi ba.

Faifai daga asusu ake yin sa, ko kowa ya kawo kasonsa, babu attajirin da zai sayi kwafi ɗaya da miliyan. Situdiyo da awa ake biya, don haka ba a koyon waƙa a ciki. Ana zaɓar waƙa takwas zuwa goma waɗanda aka shekara ana rerawa, a ɗauki kiɗa tukuna, sannan muryoyi. In rukunin ya ƙware, gara su tsaya tare a ɗauke su lokaci guda, don sun saba jin juna; in an raba su ɗaya bayan ɗaya gyara na da sauƙi amma ran waƙar kan fita. Mai sanye da abin saurare a kunne biyu yakan kauce wa ki, sai ya zame ɗaya ya ji muryarsa ta ainihi. Kada a wuce waƙa uku ko huɗu a yini, a fara da masu buƙatar bes mai zurfi da safe, na tena a bari sai murya ta buɗe. Injiniya zai ba da shawarar a ninka kowace murya sau biyu ko uku don sauti ya cika. Ni ban so, domin ranar da aka tsaya gaban jama'a mutum huɗu ba za su iya fitar da abin da sha biyu suka yi a faifai ba.

Akwai haƙƙin mawallafi, kuma a nan ba wasa ba ne. Waƙar da aka buga fiye da shekara 95 ta zama ta kowa. Wadda ba ta kai ba sai an biya lasisi kan kowane kwafi, ta hannun kamfani irin Harry Fox Agency. A 2023 farashin santi 12 ne ga waƙar da ba ta wuce minti biyar ba, yana kuma ɗan hawa kowace shekara. A wancan farashin, waƙa goma a kwafi 300 ya kama dala 360 ke nan kafin a buga ko ɗaya. Lasisin CCLI da majami'a ke biya don waƙar sujada bai rufe faifan da rukuni zai sayar ba, mutane da yawa na ruɗewa a nan. Sayarwar kuwa a tebur ake yi bakin ƙofa bayan taro. Kada a buga da yawa, sababbin motoci ba su da wurin sa faifai, tsofaffi ne masu saye. Ana kuma ɗora waƙoƙin a intanet ta CD Baby ko DistroKid, amma tun 2024 Spotify, dandalin sauraron waƙa, ba ya biyan komai kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a wata sha biyu ba. Amfanin faifan na gaske shi ne manaja ya aika wa fastoci da masu shirin bishara a rediyo don a samu gayyata.

In 'yan zumuntar maza na son gwadawa da Littafin Waƙoƙi, ba sai an sake rubuta komai ba. Mai ja ya ɗauki layin sofrano a muryarsa ta namiji, tena ya ɗauki na alto a ainihin tsayinsa yadda zai fito saman mai ja, bariton ya ɗauki na tena, bes ya zauna a nasa. Inda mai ja ya sauko ya ci karo da bes, bes ya koma do ko so na ƙasa. A gwada ki biyu ko uku har a sami wanda tena ba ya shaƙewa. Kayan sautin da ka ce a duba maka kuwa, makirfo zan iya aikowa, amma mikisa da lasifika na nan da yawa wutar 120 aka yi su dominta, taku kuma 230 ce. Sai wanda aka rubuta 100 zuwa 240 a bayansa, in ba haka ba gara a saya a Kaduna.