Tambaya da Amsa: Ina kwana da waƙoƙin Halloween a kunne, me ya sa har yanzu ba na jin Turancin Turawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, ina neman tafiya aiki Ingila. Na zauna jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci, karatu da rubutu da magana duk na samu abin da ake nema, amma a sashen sauraro 6 na ci, alhali 7 suke so. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya ce in riƙa kallon shirye-shiryen barkwancinsu na bikin Halloween, wanda ake shigar fatalwa da mayu, da waƙoƙinsa, wai da su kunnensa ya buɗe. Sai wani mai koyar da Turanci a intanet ya sayar mini da memori cike da irinsu, ya ce in bar su a kunne ko ina girki ko ina barci, Turancin zai shiga da kansa. Wata biyu ke nan ina yi. Har yanzu idan 'yan kallo suka fashe da dariya, ni ban san me aka ce ba. Malam, shekarata 38, ko dai kunnena ya riga ya bushe ne? Sannan zuciyata ba ta kwanta da wannan zance na fatalwa da mayu ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Sista. Kunnenki lafiyarsa ƙalau, shekaru kuma ba su da laifi a nan. Maki 6 yana nufin kin samu amsa 23 zuwa 25 daidai cikin tambayoyi 40, ana neman 30 don a ba ki 7. Tazarar amsa biyar zuwa bakwai ce, kuma na ga waɗanda suka girme ki sun cike ta. Ƙaninki ya ba ki shawara mai kyau. Mai memori ne ya cuce ki, kuma a kansa zan tsaya, don kusan kullum sai wani ya shigo mini aji da wannan cutar.

Babu Turancin da ke shiga kan mai barci. Wannan kasuwanci ya tsufa. Tun 1927 wani mutum a New York mai suna Alois Saliger yake sayar da wata na'ura, Psycho-Phone, wadda ake kunna wa mutum a gefen gado don saƙo ya shiga kansa cikin dare. A 1956 wasu masu bincike biyu a Amurka, Charles Simon da William Emmons, suka gwada abin da na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa, yadda za su tabbatar mutum ya yi barci da gaske kafin a karanta masa komai. Abin da aka karanta wa mutane suna cikin barci, da safe ba su tuna shi ba. Ɗan abin da ya tsaya a kansu, lokacin da suka ɗan farka ne suka ji shi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kalmar da mutum ya riga ya koya ido biyu tana iya ɗan ƙara zama idan an maimaita masa ita a barci, a ɗakin gwaji, a daidai wani mataki na barcin. Ina wannan ina sabon harshe ya kwarara cikin kai daga wayar da ke ƙarƙashin matashi? Shekara kusan saba'in da rufe wannan magana, amma har yau ana tallarta ga ma'aikatan lafiya, mutanen da suka fi kowa sanin amfanin barci.

Na girki ya fi na barcin yaudara, saboda yana kama da aiki. Kina yanka albasa, Turawa suna ta surutu a waya, kina jin kamar kina karatu. To ƙwaƙwalwa gwana ce wajen watsar da sautin da ba ta da aiki da shi. Wata biyun nan abin da kika koya mata shi ne ta ɗauki muryar Bature a matsayin hayaniyar gida, wadda ba sai an kula ta ba. Shi ya sa na ce cuta. Ranar jarrabawa sau ɗaya tak ake kunna faifan, minti talatin ko kusa da haka, kashi huɗu, babu maimaici. Kunnen da ya saba shagala da zarar ya ji Turanci, a kashi na uku zai tafi yawo, kafin ya dawo tambaya huɗu sun wuce.

Idan ka matsa wa masu wannan talla, sai su ce ai jariri ma haka yake koyon harshe, ji kawai yake yi. Ba haka ba ne. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun ɗauki jarirai 'yan wata tara daga gidajen masu Turanci, suka riƙa jiyar da su Sinanci har zama goma sha biyu. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana yi musu magana yana wasa da su, sun koyi bambance sautukan Sinanci. Waɗanda aka kunna wa mutanen nan dai a talabijin, ko murya kawai, sun fito kamar ba su taɓa ji ba. Jariri ke nan, wanda ƙwaƙwalwarsa take ɗanya shataf. Kuma ba sai mun je Amurka neman shaida ba. Gidaje nawa ne a Kano da Kaduna aka shafe shekara talatin ana kallon fim ɗin Indiya? Yawancinmu ban da gaisuwa da kalmomin soyayya biyu-uku ba mu tsinci komai ba. 'Yan ƙalilan da suka iya Indiyanci ta wannan hanya, ki tambaye su, masu mayar da kaset baya ne, masu rubutu a takarda, masu maimaitawa da baki har a yi musu dariya.

Abin da ke ƙona mini rai, idan hanyar ta ƙi aiki, mai sayarwa ba ya asarar komai. Ke ce za ki zauna kina zargin kunnenki da shekarunki, ga kuɗin jarrabawa da ba kaɗan ba sun tafi. Shi kuwa ya buɗe sabon zaure a WhatsApp, ya sa hoton tutar Ingila, yana alkawarin Turanci cikin kwana talatin ba tare da wahala ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce miki ga hanyar koyon sauraro wadda ba sai kin saurara ba, ki tambaye shi takardar sakamakon jarrabawarsa.

To me ke hana ki ji? Ba ƙarancin kalmomi ba ne, tunda kin ci sashen karatu. Stuart Webb da Michael Rodgers sun ƙididdige kalmomin shirye-shiryen talabijin na Turanci a 2009, suka ga wanda ya san kalmomi 3,000 da aka fi amfani da su tare da rassansu, da sunayen mutane da wurare, ya san kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ake faɗa. Ke kin wuce nan. Matsalar ita ce kin san kalmomin da ido, kuma kin saba jin su a bakinmu, inda muke ba kowace gaɓa haƙƙinta. Bature kuwa gaɓa ɗaya ko biyu yake dannawa a jimla, sauran ya murƙushe su. Mu ma muna yi: baƙon da ya koyi "ina kwana" da "me ya sa" a littafi, ya zo ya ji "nakwana" da "mesa", sai ya tsaya yana zare ido.

A nan shirye-shiryen Halloween suke da amfani na gaske. Bikin na daren 31 ga Oktoba ne, Turawan Ireland da Scotland suka kai shi Amurka a ƙarni na 19, kuma yawancin shirye-shiryen barkwancin Amurka sukan ware masa fitowa guda a wannan wata. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: an yi shigar ban tsoro ko ta ban dariya, an haɗu a liyafa, yara suna bi gida-gida suna karɓar alewa, wani ya ɓuya ya tsorata wani. Tunda kin san abin da zai faru, hankalinki ba zai rabu biyu ba, sai ki zuba shi kan sauti. Kuma jimloli ɗaya ne suke ta dawowa. Yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa, a rubuce "trick or treat" zai ce, amma abin da kunne zai ji shi ne "tirikatirit", kalmar tsakiya ta narke. Mai gida ya dube shi ya tambaya "What are you supposed to be?", wato shigar wa ka yi. Kalma shida ce a takarda. A bakin Ba'amurke sai ta fito "wararya spozta bi". Lura da wannan "r" ɗin. Ba'amurke idan "t" ta faɗo tsakanin wasula biyu, kaɗa harshe yake yi sau ɗaya, sai ta yi kama da "r" ɗinmu, shi ya sa "water" da "better" suke ɓace miki. Kin ji wannan tambaya a shiri huɗu, a baki huɗu, ta zauna ke nan.

Dariyar 'yan kallo da take ba ki haushi kuwa, ita ce malaminki na kyauta. Duk inda aka yi dariya ke ba ki yi ba, nan ne wurin aiki.

Ga yadda nake sa ɗalibaina su yi. Fitowa ɗaya takan ɗauki minti 22 zuwa 30, amma ba dukanta za ki ɗauka ba. Ki yanki minti biyu. Ki kalla sau ɗaya ba rubutu a ƙasan allo, ki gane wa ke magana da wa, me ake rigima a kai. Sannan ki ɗauko biro ki yi shifta: jimla ɗaya, ki tsayar, ki rubuta abin da kunnenki ya ji ko da shirme ne, inda ba ki ji ba ki ja layi. Jimlar da ta ƙi, ki maimaita ta har sau biyar, daga nan ki ƙyale ta. Sai yanzu za ki kunna rubutun Turanci na ƙasan allo ki gwada da naki, da jan biro. Kurakuran ki raba su gida biyu: kalmar da ba ki sani ba, da kalmar da kin sani sarai amma ba ki gane ta a baki ba. Za ki ga gida na biyu ya fi cika, kuma yawanci ƙananan kalmomi ne irin "to" da "of" da "have" da "would". Ƙarshe ki rufe rubutun ki bi bakin mai maganar, kina faɗa tare da shi, da saurinsa. Abin da bakinki ya iya murƙushewa, kunnenki ba zai sake rasa shi ba. Minti biyun nan za su ci miki rabin awa. Kallo da rubutu a kunne tun farko kuwa karatu ne, kuma kin riga kin ci karatu. Rubutun da YouTube ke ƙirƙira da kansa ma kada ki yarda da shi, yana yawan kuskure daidai wurin da kike buƙatarsa.

Ki fara da The Addams Family na 1964, mai hoto baƙi da fari. Suna magana a natse, baki a buɗe, kamar 'yan wasan dandamali. Fitowar Halloween ta Brooklyn Nine-Nine ki ajiye ta sai gaba, gudu suke yi kamar ana kora su. Na The Simpsons, da suke yi duk shekara tun 1990, gajerun labarai uku ne a fitowa ɗaya, tsawonsu ya yi daidai da aiki, sai dai zane ne, ba za ki ga motsin leɓe ba, kuma rabin barkwancin shaguɓe ne ga finafinan da ba ki sani ba. Rashin dariya a nan ba laifin kunne ba ne. Tunda Ingila kika nufa, kuma IELTS tana cakuɗa muryoyin Birtaniya da Ostareliya da Amurka, ki nemi Ghosts na BBC da ya fara a 2019. Amurkawa sun sake yin nasu a 2021, don haka za ki iya jin kusan labari ɗaya a karin harshe biyu ki kwatanta.

Waƙoƙi kuwa ba na ɗora musu nauyi. Kiɗa yana ja wasali, yana matsar da dannawa daga inda take a magana. Amfaninsu riƙe guntun jimla a ka. Monster Mash ta 1962 kusan magana ce ba rerawa ba, ta yi daɗin shifta. Waƙar Ghostbusters ta 1984 za ta koya miki "gonna" da "ain't", ki gane su a kunne amma kada su kusanci takardar rubutunki. Minti goma a mako ya ishe su.

Maganar rashin kwanciyar zuciya, hukuncin bikin na malaman addini ne, ni malamin Turanci ne. Abin da zan iya faɗa miki, babu wani sirri a cikin fatalwar. Maimaituwar labari da jimloli ne ke aiki, kuma za ki same su a fitowar bikin aure ko ta haihuwa ta kowane shirin barkwanci. Idan ranki bai so ba, ki canza, ba ki rasa komai ba.

Kwana biyar a mako ki yi shiftar nan, ranar shida ki zauna da tsohuwar jarrabawar sauraro cikakkiya, sau ɗaya, da agogo, ba tsayarwa. Kada ki sake biyan kuɗin zama sai kin ga 30 ko sama sau uku a jere a gida. Memorin nan kuma ki kashe shi da dare, Sista. Kina da aikin kwana a asibiti, ga marasa lafiya suna jiran ki lissafa musu magani daidai.