Hazo ne ke cinye mani sigina?

Tambaya: Malam, ina da shagon intanet a garin Tawa. Na haɗa shi da gidan gonarmu mai nisan kilomita 8 da eriya biyu masu aiki a zangon 5.8 GHz. Duk damina lafiya lau, amma tun bayan girbi sai yankewa yake yi. Hazo ne? Ko in sayi na'ura mai ƙarfi?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ƙurar hunturu ba ta yi wa wannan zango wata illa ta a zo a gani, domin tsawon igiyar rediyonsa kusan santimita 5 ne, ƙwayar ƙura kuwa ba ta kai ko kusa ba. Shi kansa ruwan sama sai an haura 10 GHz yake fara zama matsala sosai. Ni dai itacen gawo nake zargi.

Ka san halinsa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Ganye kuwa ruwa ne a cikinsa, ruwa kuma yana shanye igiyar rediyo. Za ka ce ai daga kan rufin kana hango ɗaya eriyar ba abin da ya tare. A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Sigina ba ya tafiya siriri kamar zare; yana buƙatar fili kewaye da layin, mai faɗi a tsakiya, mai tsukewa a bakin kowace eriya. Ana kiransa yankin Firenel, da sunan wani masanin kimiyyar haske ɗan Faransa. A kilomita 8 bisa 5.8 GHz, yankin yana sauka wajen mita 10 ƙasa da layin a tsakiyar hanya. Ƙa'ida ita ce kashi 60 cikin ɗari ya zama fayau, wato mita 6. Ƙara mita 1 saboda lanƙwasar doron ƙasa. Idan gawon da ke tsakiya ya kai mita 12, layinka sai ya bi ta mita 19 daga ƙasa. Ƙasar Adar kuma tudu da kwari ce: itacen da ke bisa tudu, sai ka haɗa da tsayin tudun.

Lissafin ƙarfi bai nuna kana da giɓi ba. Nisan kaɗai yana cin desibel (ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina) kusan 126. Mu ce na'urarka tana fitar da 20, kowace eriya tana ƙara 23: jimilla 66 ke nan, a cire 126, ya kamata ka karanta wajen -60 a allon na'urar. Buɗe ka duba. In ka ga -80, desibel 20 sun salwanta a hanya, ninka ƙarfin na'ura sau biyu kuwa desibel 3 kacal zai ba ka.

Saboda haka ka bi hanyar da babur, kana lura da manyan itatuwa da tuddai. Kada ka sare gawo, yana gyara gona, doka ma ta kare shi. Ɗaga turken eriya, ko ka gusa da shi gefe ƴan mitoci. In ka hau, ka duba ƙusoshin faifan eriyar ko sun kwance, don iskar hunturu takan karkatar da shi kaɗan-kaɗan. Mutum ɗaya ya juya faifan a hankali, wani yana karanta lambar a allon na'urar. Kafin ka ƙara ƙarfi ko ka canza zango kuwa, ka tuntuɓi hukumar ARCEP a Yamai, ita ke da ikon rabon zanguna a Nijar.